Rulon Bakari Ba Ya Komawa Baya

Aikin hanya wahala ne, kuma babu wani daɗi da aka ɓoye a bayan wahalar. Shekara talatin da 'yan kai ina cikinsa. Abin da na fita da shi gwiwa biyu ne da ba sa yarda da sujada sai da lallashi, da yatsun da siminti ya cinye wa zane, har ranar da na je yin katin zama na'urar ta ƙi gane ni, yarinyar wurin tana ta goga min babban yatsa da auduga kamar laifin datti ne. Amma ku da kuke zama kan benci a Adjamé kuna juya shayi, kullum maganarku ɗaya: "Tonton Haladu, kwangilar meri ai sa hannu ce kawai. A ba ka hanya, ka miƙa wa leburori, ka sayi mota." To, ni na taɓa cin kwangilar meri, wato ƙaramar hukumar nan, da sunana, sau ɗaya tak, kuma ba da gangan ba. Aji uku na yi a firamare, wanda ya ga rubutuna ya karkace ya karanta a haka.

Aikina na farko a Abidjan dakon albasa ne, a siton Alhaji Isiya, can bayan kasuwar Gouro. Daga wajen Jibiya na zo, da riga biyu. Na yi shekara biyu da buhu a wuya, sannan na koma wurin wani magini ɗan Togo, Papa Kojo, don an ce min gini ya fi dako mutunci. Wanda ya faɗa min haka bai taɓa yin ko ɗaya ba. Na ɗauka cokalin gini za a miƙa min. Bokiti aka miƙa min. Wata huɗu ba abin da nake yi sai zuba wa kankare ruwa, safe da yamma, kamar mai rainon lambu. Da na gaji na ce masa, "Papa, abin nan fa ya bushe tun shekaranjiya." Ya zuba kankare a gwangwani biyu, ɗaya ya ce in riƙa jiƙa shi, ɗaya ya ajiye a rana. Bayan kwana ashirin da takwas ya ba ni guduma. Na rana bugu biyu ya watse. Wanda na jiƙa kuwa sai da gudumar ta dawo min a ƙauri. Ina riƙe da ƙafa ina tsalle ya ce, "Kankare ba bushewa yake ba, nuna yake. Ka ji a ƙafarka ko in ƙara?" Karatun da na yi ke nan a sana'ar nan, sauran duk ƙari ne.

Alhaji Isiya bai san siminti daga garin kwaki ba. Ɗan kasuwa ne, albasa yake kawowa daga Nijar. Sai ya ga maƙwabcinsa ya samu kwangilar kwata guda ɗaya ya canza mota, shi ma ya buɗe kamfani, ya aika aka nemo ni in zama shef ɗin shantiye, wato mai kula da wurin aiki. Na yi masa shekara goma sha tara. Kada ku ɗauke ni waliyyi. Na shimfiɗa kwalta wadda ba ta fi kaurin fatar ganga ba. Akwai ramukan da na cike sau huɗu, har mun saba, in na zo wucewa a gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, sai in ji kamar in gaishe su. Alhaji ya ce a rage siminti, in rage. Sunansa ne a kan allo, ni kuwa da magariba in wanke ƙafa in tafi gida.

Bari in gaya muku yadda ake ba da aikin, tunda kun ce sa hannu ne. Babban aiki, meri kan liƙa sanarwa, ka je ka sayi dosiye, kundin takardun takara, mai kauri kamar filo. Sai ka fara yawon takardu: ta haraji, ta inshorar ma'aikata, ta banki, ta shaidar ka taɓa yin irin aikin. Kafin ka samu ta huɗu, ta farko ta mutu, ka koma layi. Ka zuba duka a ambulan, ka liƙe, ranar buɗewa a tara ku a ɗaki a karanta farashin kowa da ƙarfi. Wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi araha, shi ya ci. Ƙananan ayyuka da na gaggawa ba a jiran duk wannan, ana kiran kamfani uku ne da aka sani, kowa ya kawo farashinsa, don a ce an yi takara. Wanda ya tsara dokar nan mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Bai dai san Alhaji ba.

Alhaji kamfani uku gare shi. Na farko da sunansa. Na biyu da sunan ƙanwarsa Hajiya Larai, mai sayar da atamfa a Treichville, wadda ba ta taɓa taka shantiye ba don kada takalminta ya ɓaci. Na uku nawa ne: Haladu da 'Yan'uwa. Ni kaɗai ne namiji a gidanmu, ban san inda aka samo 'yan'uwan ba. Kamfanina an buɗe shi ne don ya faɗi. Alhaji zai rubuta wa kansa farashi mai sauƙi, na Hajiya ya ɗan hau, nawa ya fi duka tsada. Ranar buɗe ambulan in cire kayan aiki, in sa wata kwat ta gwanjo da ya saya min, hannunta ya wuce yatsuna, in zauna nesa da shi kamar ban taɓa ganinsa ba. A karanta, in faɗi, in girgiza kai, wani lokaci har in yi tsaki don abin ya yi kyau. Da yamma in koma in yi aikin da na faɗi ɗin. Na iya faɗuwa ƙwarai. Babu wanda ya taɓa kuka da ni a wannan fanni.

Saura maganar kayan aiki. A dosiye dole ka nuna kana da injin kwaɓa kankare, da famfon janye ruwa, da rulo, wato motar nan mai ƙaton ganga a gaba da ake daɓe hanya da ita. Mu kuwa abin da muka mallaka shebur ne da diga da baro shida, biyu babu taya. Sauran haya muke. Rulo kuma na Bakari ne, wani makanike Bajule mai gareji a Treichville, ba nisa da Gare de Bassam. Tsohon rulo ne, tan goma, lafiyarsa ƙalau sai abu ɗaya: ba ya komawa baya. Giyar baya ta mutu tun da daɗewa, kullum Bakari na cewa sai an kawo kayan daga Turai. Rulon da ba ya baya kuwa ba shi da amfani a hanya, don daɓe gaba da baya ne. Sai ya samu wata sana'ar, ɗaukar hoto. Rabin ƙananan 'yan kwangilar garin nan da shi suke shiga takara. Ka zo da fenti, ka rubuta sunan kamfaninka a gefensa, a ɗauki hoto, Bakari ya rubuta maka rasit cewa ya sayar maka, ka sa tsumma da fetur ka goge kafin fentin ya kama, na bayanka ya matso. Rulon nan an sayar da shi ya fi a ƙirga, bai taɓa fita daga garejin ba.

Shekarar da nake ba ku labari, ruwan watan Yuni ya yi ɓarna. Kwana uku ana zuba shi. Akwai wata ƙaramar gada a kan babbar kwata, kwalbati, nan suna ce mata dalo, a bakin layin da manyan motoci ke bi su shiga sitocin albasa da doya. Ruwa ya ci ƙarƙashinta, ta karye ta zauna a cikin kwatar. Layin ya mutu. Sito na huɗu a layin na Alhaji ne. Da aka ce aikin gaggawa ne, kamfani uku za a kira, Alhaji har da yin sadaka. Zai gyara ƙofar gidansa kuma a biya shi.

Ranar Juma'a muka je hoto. Na rubuta sunan Alhaji, aka ɗauka, na goge. Na Hajiya, aka ɗauka, na goge. Nawa ne na ƙarshe, kamar kullum. Mai hoto na gamawa muka ji liman ya hau mumbari. Na ce, "Bakari, ka goge." Ya ce to, yana alwala. Shi kuma ya rantse har yau cewa ya ji na ce na goge. Muka tafi masallaci. Rana ta fito a karon farko cikin mako guda, ta gasa fentin nan da kyau.

Ranar buɗe ambulan muka tarar da baƙuwar fuska. Meri ta ɗauko wani ofishin injiniyoyi ya sa ido a kan aikin, su kuma suka turo wata yarinya, Madam Zalika, ba ta kai talatin ba, da takalmin roba har gwiwa a cikin ofis. Aka karanta farashi, na shirya girgiza kai. Sai ta zaro hotuna uku ta jera a tebur, ta daɗe tana kallo. Ta ce da Faransanci, "Abin sha'awa. Rulo uku, duk sun lotse a goshi wuri ɗaya. Kuma kowanne da kare ɗaya kwance a ƙarƙashinsa." Karen Bakari ne, shekara nawa ana ɗaukarsa babu wanda ya taɓa lura. Ta ce tana so ta ga rulon da idonta, yanzu.

Muka shiga tasi muka haye gada zuwa Treichville, ni da kwat ɗina ina zufa. Muna shiga gareji ga shi nan, da farin fenti, baƙaƙe manya: HALADU DA 'YAN'UWA. Kare na kwance a wurinsa. Ta ce a tayar. Bakari ya tayar, ya yi hayaƙi, ya matsa gaba taku biyar. Ba ta ce a koma baya ba, mu ma ba mu tuna mata ba.

Alhaji ya matso kusa da kunnena ya ce da Hausa, "Kai, ce mata ba naka ba ne. Ce kuskure ne."

Yarinyar nan ko ɗago kai ba ta yi ba daga rubutun da take. Sai muka ji Hausa ta fito daga bakinta, irin ta 'ya'yan Treichville, tana tafiya tana tuntuɓe da Faransanci. Ashe 'yar wani mahauci ce na nan bayan kasuwa. Ta ce, "Baba Alhaji, in ba nasa ba ne, duk ku uku kun yi ƙarya a takarda, in rubuta haka. In nasa ne, kamfani biyu ne kawai ba su da kayan aiki. Wanne zan rubuta?"

Alhaji ya gyara hula. Ya ce, "Nasa ne, 'yata. Kowa ya san nasa ne."

Haka na ci kwangila. A hanyar dawowa Alhaji ya zage ni tun daga gareji har tsakiyar gada, sai ya tuna farashin da ya rubuta min ya fi nasa tsada, ya huce, har ya saya min ruwan sanyi. A wurinsa babu abin da ya canza, hatimin kamfanin ma a durowarsa yake kwana.

Ni ma haka na ɗauka, sai ranar sa hannu. Shafi wajen arba'in, kowanne sai na sa. Ina zana sunana a hankali, harshena a waje. Madam Zalika ta bari na gama, sannan ta ce, "Tonton, ka san abin da ka sa wa hannu?" Na ce gada. Ta ce, "Ka sa hannu cewa in ta rufta da mota, kai za a zo nema. In da mutum a ciki, kai za ka tsaya gaban alƙali. Bayan an karɓi aikin ma, shekara guda tana wuyanka. Sunan Baba Alhaji babu shi ko a shafi ɗaya, na duba." Na ce na gane. Ban gane ba sai da aka kafa allon aiki a bakin layin, sunana a jiki, kowane harafi ya kai tafin hannu, a hanyar da nake bi in je masallaci. Akwai wata mai soya ayaba a wurin, Maman Ajuwa, shekara ashirin tana kirana "kai mai siminti". Ran nan ta miƙe tsaye ta sara min da matsamin soya. "Misye Direkte! A zuba na nawa? Ko yanzu sai da cokali mai yatsu?"

Aikin kansa ba zan ɓoye muku ba, ƙazanta ce. Kafin ka ga ƙasa sai ka tare ruwa da buhunan yashi, ka kunna famfo, ka shiga cikin abin da rabin Adjamé ta zubar. Mun fito da katifa, da ƙofar firji, da takalma marasa abokai sun cika baro uku. Kwana shida muna fasa tsohuwar gadar, a nan na ga abin da ya kashe ta: rodin ciki bai fi kaurin fensir ba. Ban zagi wanda ya yi ta ba, na san irin Alhajinsa. Namu Alhajin ma ya aiko da rodi mai lamba goma a maimakon sha huɗu da ke cikin zane. A da sai in ɗaure abina in rufe da katako kafin kowa ya zo. Wannan karon na bar shi a fili, a inda Madam za ta yi tuntuɓe da shi. Ta sa ma'auninta, ta ce a mayar. Alhaji ya kira ubanta mahauci a waya ya kai ƙara. Uban ya ce shi ma awo take masa a kan nama.

Muka zuba ƙasan, muka tayar da bangwaye, aka zo kan rufin, wanda mota za ta taka. Rana ɗaya ake zuba shi ba tsayawa, in ka tsaya cin abinci ka dawo ya rabu biyu a ciki, ido ba zai gani ba sai nauyi ya hau. Injin kwaɓa na juyawa, baro na gudu a kan katako, ni ina riƙe da bibro, sandar nan mai karkarwa da ke fitar da iska daga cikin kankare, har haƙorana suna kaɗawa. Madam ta cika gwangwanayenta na gwaji, ta rubuta a littafin shantiye: babu mota sai bayan kwana ashirin da takwas. Mai ƙafa da mai tura wotoro, wato amalanke, za su iya bi bayan mako. Na jera durom huɗu da katako na tare bakin layin.

Rulo kuwa dole aka ɗauko shi a babbar mota, tunda takarda ta ce nawa ne, kuma akwai cikon ƙasa da za a daɓe tsakanin titi da gadar. Nan unguwa ta samu abin kallo. Bakari zai fito ta wani ɗan lungu da ke gefen kwatar, ya taka cikon, ya karya ya fita babban titi, ya zagaya ta bayan kantin magani, ya sake shigowa lungun. Kowane daɓe ɗaya sai ya yi yawon unguwa. Direbobin gbaka na bin sa a baya suna zagin kakanninsa, shi yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Rana ta tara da zuba rufi, ranar Asabar da hantsi, tirelar Alhaji ta iso daga Nijar. Albasa har sama, ta sha ruwa a hanya, tamfol ya yage. Tun daga nesa hancina ya gaya min ta fara. Na yi dakon albasa, na san wannan warin, in ba a baje ta a inuwa da wuri ba buhu ɗaya zai kashe goma. Alhaji ya sauko daga motarsa da sauri, ya hau kan gadar, ya ƙwanƙwasa da makulli.

"Haladu, ai ya bushe. Ɗauke durom ɗin nan."

"Alhaji, kwana tara ne."

"Ji fa." Ya yi tsalle sau biyu, babbar riga na tashi. "Ko motsi bai yi ba."

"Ranka ya daɗe, kai tan nawa ne?"

Bai yi dariya ba. Na ce a tsayar da tirela a titi, a kira masu wotoro su kwashe. Ya ce wannan aikin kwana biyu ne, kuma rabi za a sace a hanya, sau ɗaya tak motar za ta wuce, wa zai sani? Na ce kankaren zai sani. Ba yau zai faɗi ba, tsagewa zai yi daga ƙasa inda ba a gani, ruwa ya shiga ya ci rodin, wata rana ya zauna da motar wani. Ya ce, "Wata rana! Albasata yau take ruɓewa, kana min wa'azin wata rana." Na kira Madam, wayarta a kashe. Alhaji ya juya ga leburori ya ce su kwashe durom. Suka dube ni, suka dube shi. Sun san wanda ke sallamarsu ranar Asabar. Suka kwashe. Ban ga laifinsu ba, ni ma shekara sha tara haka nake yi.

Abin da ya taimake ni cunkoson Adjamé ne. Kafin tirela ta karya kai ta shigo layi sai an tashi masu tebur, an roƙi gbaka uku su matsa, an ɗaga wayar wuta da gora. Alhaji ya tafi can yana ba da umarni. Na tsaya ina kallon allon nan mai sunana. Rulo na cikin lungun gefen kwata, Bakari ya tafi cin aceke ya bar makulli a jiki, don wa zai saci abin da mai tafiya da sanda ke wucewa? Ban taɓa tuƙa shi ba, amma na ga yadda ake yi, kuma giya ɗaya gare shi, ba a ɓata. Na hau na tayar. Na fito daga lungun, maimakon in karya zuwa titi sai na miƙe, na ratsa bakin layin a gicciye, har gangar ta sumbaci katangar siton da ke ɗaya gefen. Na kashe. Tsawonsa ya cike layin, sai 'yar hanya a bayansa wadda wotoro zai iya bi a karkace.

Tirela ta gama juyowa ta tarar da tan goma kwance a gabanta. Alhaji ya taho da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

"Mayar da shi baya! Mayar da shi baya, na ce!"

Na ce, "Alhaji, shekara nawa kana ɗaukar hotonsa?"

Ya tsaya. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Gaba katanga ce ta wani Balebanon da ba ya wasa da lauya. Baya babu. Mai jan sa kuma sai ya shigo ta lungun, kuma duk motar da ke da ƙarfin jan wannan abu ba za ta shiga lungun nan ba. Bakari ya iso yana lashe yatsu. Alhaji ya riƙe masa riga ya ce ya gyara giyar yanzu, ko nawa ne. Bakari ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe, ya dube ni, ya dubi gadar. Ya ce da ladabin Jula, "Koro Alhaji, kayan sai daga Turai. In an yi sauri, mako uku."

Mutane sun taru, har saman motoci. Alhaji ya nuna ni da takalmin. "Butulu! Da riga biyu ka zo garin nan. Na kore ka!"

Da na yi shiru. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Daga wane kamfani, Alhaji?" Na nuna allo.

Layin ya ɗauki dariya, Maman Ajuwa har da buga faranti. Wannan dariyar ita ta fi rulon tsada. Dattijo ne, ya ci da ni shekara da shekaru, kuma a gaban masu dakonsa aka yi. Rulon zai iya yafewa, wannan bai yafe ba. Ya sa takalminsa, ya ce a kira masu wotoro, bai ƙara kallona ba.

Na cire hular kwano na shiga layin masu sauke kaya. Babu wanda ya sa ni, babu wanda ya hana ni. Ina da shekara hamsin da biyu na koma ƙarƙashin buhun da na gudu daga gare shi ina saurayi, ruwan ruɓaɓɓiyar albasa na bin bayana. Muka yi ta yi har aka kira magariba, ba mu ci rabi ba. Gwiwar hagu a ranar ta tafi.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗin ji ba ne, ku da kuke jiran in ce na sayi mota. Albasa ta lalace da yawa, Alhaji bai yi ƙarya ba. A masallaci wasu suka daina ba ni hannu da kyau, aka ce na ci amanar wanda ya rufa min asiri, kuma ban ce duk ƙarya suka yi ba. Ko gadar za ta ɗauki tirelar nan ba ta tsage ba? Ban sani ba. Wataƙila da ta ɗauka. Madam da ta zo ranar Litinin ta zagaya rulon sau biyu, ta rubuta a littafi cewa shingen da aka sa ya wadatar. Ranar da kwanakin suka cika Bakari ya shiga ƙarƙashi da sufana bayan azahar, kafin la'asar rulo ya koma baya, ba a ga wani kaya daga Turai ba. Kamfanina na gwada shiga takara da shi sau ɗaya, da gaskiya, ni kaɗai. Na tarar da mutum uku a ɗakin suna zaune nesa da juna, ɗaya da kwat mai dogon hannu. Na gaishe shi da kyau, na san aikinsa. Yanzu duk wanda ya kira ni shantiye ina zuwa, a sallame ni da yamma. Gadar tana nan, kuna bi ta kanta kuna latsa waya. Allon kuma Maman Ajuwa ta mayar da shi tebur, sunana na ƙarƙashin kaskon mai.

Amma duk wannan daga baya ne. Washegarin ranar tirela, Lahadi, na fito bayan sallar asuba ina jan ƙafa. Leburori ko ɗaya bai zo ba, an gaya musu babu mai biya. A ƙofar siton Alhaji an tara buhunan garara da suka yage jiya, suna wari. Na kwaso su, ban tambayi kowa ba, na shimfiɗa a kan rufin gadar daga wannan baki zuwa wancan. Na ari bokitin Maman Ajuwa, na yi sawu goma sha ɗaya zuwa famfo, na jiƙa su sharkaf. Sannan na ɗauki gawayi a murhunta, na je jikin gangar rulon na rubuta 10, a ƙasa na rubuta saura 18.